Matasa sun ƙi sa hannu a takardar amincewa, bincikena ya tsaya

Assalamu alaikum. Ina digiri na uku a fannin nazarin zamantakewa, kan yadda ƙungiyoyin unguwa ke janye matasa daga aikata laifi. Kwamitin ɗa'ar bincike ya ce dole kowa ya sa hannu a takardar amincewa kafin hira. Su kuwa matasan, da sun ga takarda sai su watse, suna zaton hannun 'yan sanda za ta faɗa.

Na ajiye rikoda, na yi alkawarin sakaya suna, a banza. Na bi ta hannun shugabannin ƙungiya, suka turo min yaran kirki zalla, masu haddataccen jawabi. Waɗanda nake nema ko ɗaya bai zo ba.

Don Allah, wace hujja zan gabatar wa kwamitin ya karɓi amincewar baki maimakon sa hannu?