Shawarwari kan ba 'yan makaranta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro

Abin da aka fi nanatawa a wata tattaunawa da aka yi kan ba 'yan makaranta maganin zazzaɓin cizon sauro shi ne yaro zai iya yawo da ƙwayar cutar a jininsa ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. Sai dai a ga cikin fatar idonsa ya yi fari, yana gyangyaɗi a aji, sauro kuma na kwasar cutar daga jikinsa zuwa ga ƙannensa. Saboda haka a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankunan da cutar ta yi katutu ana iya ba yara 'yan shekara 5 zuwa 15 cikakken magani lokaci-lokaci, ko da ba su kwanta ba.

Ma'aikatan jinya sun ja kunne cewa a shanye maganin duka, kada a tsaya a ranar farko. Kada kuma a taɓa kason 'yan ƙasa da shekara biyar, don su cutar ta fi kashewa. Gidan sauro yana nan daram, kuma mai zazzaɓi a kai shi gwaji.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yaran da ba sa zuwa makaranta. In a aji kawai ake rabo, su ne za a tsallake.