Neman kalmar Hausa: me za mu kira "tiroma"?

Salam jama'a. Na dawo kan tambayar da na yi satin da ya wuce game da kalmar trauma, wadda mu a wajen aiki muke cewa tiroma. Na karanta duk abin da kuka rubuto, Allah ya saka da alheri, kuma ina ganin na samu matsaya. Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda ba su ga wancan ba.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin wani ƙauye ta wajen Ringim. An kira mu bita ta kwana uku kan lafiyar ƙwaƙwalwa, likitan da ya zo daga Kano Hausarsa tas, amma duk sanda ya zo kan kalmar nan sai ya tsallaka Turanci, kuma ni aka ba takardar bitar aka ce in mayar da ita Hausa saboda ungozomomi da masu bi gida-gida. Tun layin farko na maƙale.

Abin da yake koya mana shi ne wahalar da yaro ya sha ba ta tsayawa a ƙuruciya, tana bin sa har furfura. Ya kawo binciken da aka fara wallafa sakamakonsa a Amurka a 1998, na likitoci biyu, Feliti da Anda, inda aka tambayi manya sama da 17,000 abin da ya same su kafin su kai shekara 18: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, rashin kulawa, ganin ana dukan uwa, rabuwar iyaye, zama da mashayi ko mai taɓin hankali a gida, ɗaure wani ɗan gida a kurkuku. Kusan biyu cikin uku sun ga aƙalla ɗaya. Kuma yawan abin da mutum ya gani, yawan haɗarin da yake ciki na shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai, har da ciwon zuciya da na huhu da na hanta. Jikin yaron da kullum yake cikin ɗar-ɗar yana ta zubo sinadarin tsoro, wanda aka yi shi don gudun minti biyar in kare ya biyo ka, to shi nasa ba ya sauka, da shi yake girma.

To me za mu kira wannan?

Mafi yawanku firgici ko razana kuka ce. Wallahi na so su, amma firgici na lokaci ne, ka firgita ka dawo hayyacinka. Ya dace da wanda ya tsaya a bakin titin Majiya daren da tankar mai ta kama da wuta a 2024. Amma yarinyar da aka ba riƙo tana shekara biyar, ita ce tashin asuba ita ce kwanan ƙarshe, kullum ƙanzo ne rabonta, ba rana ɗaya da za ta nuna ta ce ranar ce na firgita. Nata a hankali ya ci ta.

Damuwa kuma ta yi faɗi, wanda akuyarsa ta ɓata ma yana cikin damuwa. Taɓin hankali kam kar ma a fara, ranar da na faɗa wa wata haka ba ita ba ƙara taka asibitinmu, danginta ma cewa za su yi so ake a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure. Ciwon zuciya an riga an ba wata cutar. Gyambo ma gyambon ciki ya tafi da shi.

Malamin da ya kawo tabon zuciya, ranka ya daɗe, taka ce ta fi ba ni wahala don ta yi daɗin faɗa kuma mutane da yawa sun mara maka baya. Inda na rabu da ita shi ne tabo ya riga ya warke. Ana ganinsa amma ba ya ruwa, ba ya hana barci. Abin da muke magana a kai kuwa da sauransa. In ka koya wa ma'aikaci cewa tabo ne, ka koya masa cewa ba abin yi sai kallo.

Wadda ta warware mun ba ta ma san ana wannan muhawarar ba. Akwai wata baiwar Allah da take zuwa wajenmu kusan duk ranar kasuwa, ciwon kai, faɗuwar gaba, jiki ba ƙarfi, a gwada maleriya babu, a auna jini lafiya, a ba ta farasitamol ta tafi. Rannan tana zaune a benci wani abokin aikinmu ya daka wa wani yaro tsawa don ya taɓa kwalbar aidin, ba ita aka yi wa ba, amma na ga ta ɗaga hannu biyu ta kare kanta, mace mai 'ya'ya shida, ta dunƙule kamar mai jiran saukar bulala, goyonta na kuka ba ta ma ji ba. Dattijuwar ungozomarmu tana gefe tana naɗe auduga, sai ta ce da ni a hankali, "'Yar nan, an fama mata miki."

Na ce, "Iya, wane mikin?" Ta ce, "Na san gidan da ta tashi."

Miki. Ciwo ne buɗaɗɗe, an ji shi ne daga waje, ba a haifi mutum da shi ba kuma ba laifinsa ba ne. Yana iya rufewa ta sama yana ci ta ciki. Yana warkewa in an kula da shi. Da na koma na duba sai na tarar ita kanta tiroma asalinta kalmar Girkanci ce mai nufin rauni, kenan ba mu yi nisa da gida ba. Sannan ta zo mana da 'yar uwarta kyauta: abin da Turawa suke aro sunan kunamar bindiga su faɗa, wato ƙara ko wari ko murya da za ta tayar wa mutum da tsohon abu, mu muna da fami tun kaka da kakanni. Ka ce wa ungozoma kar ki fama mata, ba ta buƙatar bita ta kwana uku.

Don haka na tsaya a kan mikin zuciya, na yara kuma mikin ƙuruciya. Wata ta ce a rubuce zai rikice da "miki" na "na faɗa miki", gaskiya ne, shi ya sa ba zan bar shi shi kaɗai a takarda ba, kullum da zuciya ko ƙuruciya a bayansa. Mikin ƙwaƙwalwa na ƙi shi, mutane za su ɗauka faɗuwa aka yi daga babur.

Abin da ya ƙara kwantar mun da hankali, kalmar tana ɗaukar ɗaya rabin darasin, na yanayin rayuwa. Duk wanda ya taɓa wankin miki ya san aidin da bandeji kaɗai ba sa yi in mutum zai koma cikin ƙura da ƙuda ba abinci mai kyau. Haka wannan. Jerin Amurkawan nan a kan mutanen da galibinsu suke da aiki da inshorar lafiya aka yi shi, babu yunwar tsakiyar damina a ciki lokacin da rumbu ya ƙare gero bai nuna ba, babu yaro ɗan shekara bakwai da ƙoƙon bara a garin da bai san kowa ba, babu zaman agolanci, babu ambaliyar 2022 da ta kwantar da gidaje daga nan har Haɗeja yara suka kwana a azuzuwan firamare. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta sake tsara tambayoyin sai da ta ƙara mutuwar iyaye da rikicin gari da yaƙi. Mu ma sai mun ƙara namu. A takardar na sa tambayar da Iya ta koya mun ba tare da ta sani ba: a hannun wa kika tashi? Sai dai na rubuta a ƙasa cewa ba a gaban layi ake yin ta ba, kuma in mutum ya yi shiru a ƙyale shi, tone miki da ƙarfi shi ma fami ne.

Ɗan uwan da ya ji tsoron kar wannan ya zama zagin iyaye ko raina tarbiyya, na fahimce ka. Ba kowane riƙo ne azaba ba, da yawanmu goggo ko kaka ce ta tsaya mana, kuma likitan ma ya nanata cewa babba ɗaya mai tausayi a kusa da yaro yana rage ɓarnar sosai. Amma icen da ake tanƙwarawa yana ɗanye, in aka wuce gona da iri tsagewa yake yi, mun gani a benci.

Ranar Alhamis zan kai takardar a buga. Mutanen Gumel da Haɗeja da Kazaure, da na Rano da Gaya, don Allah ku faɗa mun ko a wajenku ma fami ake cewa ko akwai wata kalmar da tsofaffi suka fi ganewa, in akwai sai in sa su biyun kafin Laraba da daddare.