Tambaya ɗaya, amsa biyu: ina na yi kuskure?

Ɗalibi daga Mai Wurno:
Assalamu alaikum. Ina shirya takardar jin ra'ayin jama'a kan matsugunin mutanen kambo, wato ma'aikatan gona da suka daɗe zaune a bakin magudanan ruwa na aikin noman rani na Jazira, a ƙasar Sudan, ba tare da takardar fili ba. Da na tambayi wasu manoma ko sun yarda "a raba wa mutanen kambo fili", yawancinsu sun ƙi. Washegari na tambayi maƙwabtansu ko ya dace "iyalan da aka haifa a nan su sami wurin gina gida", sai kusan kowa ya amince. Wanne ne ra'ayinsu na gaskiya?

Malami daga Madani:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayoyin biyu duk sun karkata. Manomin da ya ji kalmar "raba" zai ɗauka daga hawasharsa, wato gonarsa a aikin Jazira, za a yanka, ita kuwa ta biyun ta riga ta yanke hukunci, domin ba mai son a ji ya hana iyali muhalli. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1941, waɗanda suka ce kada a "ƙyale" jawabin sukar dimokuraɗiyya sun zarce waɗanda suka ce a "haramta" shi nesa ba kusa ba, alhali manufar ɗaya ce. Ka ambaci hujjar kowane ɓangare cikin tambayar, ka kuma faɗi inda filin zai fito.

Hajiya daga Gadarif:
Malam ya yi gaskiya, amma sunan da za ka kira mutanen ya fi damuna. Tun bayan rikicin ƙabilanci da ya shafi Hausawa a jihar Bulu Nayil a Yulin 2022, kalmar "baƙi" ta zama mai nauyi a kunnen Bahaushe, ko da kakanninsa sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, kafin a buɗe aikin Jazira a 1925. Na ga wata tsohuwa da aka zo wa da irin wannan takarda: ta dubi alƙalamin, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Gwamnati ce ta aiko ku? To, duk yadda kuka gani." Ka fara bayyana ko kai wane ne, ka kuma bar gurbin wanda bai yanke shawara ba.

Ɗalibi daga Mai Wurno:
Na gode, iyayena. Fassarar Larabcin ma zan sake dubawa, domin "wafidin", wato baƙi, na rubuta a ciki.