Sola ko janareto: wanne ya fi cin kuɗi?

Alhaji Sani: Jama'a, ina nan a kan bakana, yau sola ta fi janareto arha. Kafin Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 ba. A 2024 ta haura dubu. Rana kuwa ba wanda ya ƙara mata kuɗi.

Habu Tela: Ranka ya daɗe, rana kyauta ce, amma farantin sola da inbata (na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida) da batir duk da dala ake shigo da su, ita ma dalar ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Mai zan iya sayen lita biyu in gama ɗinkin yau. Sola sai an dire kuɗin a dunƙule. Ina tela zai samo su?

Injiniya Bilkisu: Malam Habu, ku raba maganar biyu. Faranti ya yi arha sosai a duniya, farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma yana kai shekara 20 yana aiki. Batir ne ke cin kuɗi. Na ruwa shekara biyu zuwa uku ya gaji, musamman a zafinmu. Na litiyam ya fi daɗewa, ya kuma fi tsada. Mai aikin rana, kamar manomin rani da ke jan ruwa da famfo, ba ya buƙatar batir, shi kam sola ta fi masa fetur nesa ba kusa ba. Mai aikin dare lissafinsa daban.

Alhaji Sani: To ai kin goyi bayana.

Injiniya Bilkisu: Rabi, Alhaji. Kuma da hunturu in ba a goge ƙura ba, wutar raguwa take.

Hajiya Rabi, Maraɗi: Ku ƙara da wani abu. Da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 2023, masu faranti ne suka ci gaba da sayar da ƙanƙara. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai wahala. Wannan ma ai kuɗi ne.

Habu Tela: Ban musa ba, Hajiya. Amma aikina ya fi yawa da dare, balle gab da Sallah. A samo mini wanda zai ɗora mini sola in riƙa biya duk wata daidai kuɗin man da nake ƙonawa, gobe zan sayar da janareton.