Wutsiyar zakarana ta zube bayan shekara guda da rabi, ina kuskuren yake?

Sabon Makiyayi:
Assalamu alaikum. Na sayi zakara yana ɗan wata huɗu, wanda ya sayar mini ya tabbatar mini cewa irin masu doguwar wutsiya ne waɗanda gashinsu ba ya zubewa. Wutsiyar ta yi kyau har ta fara jan ƙasa, amma cikin makonni uku da suka wuce kullum na shiga akurki da safe sai in tsinci dogayen gashi biyu ko uku a ƙasa, yanzu saura kaɗan. Yana cin abinci, yana cara, kuma na duba ban ga ƙuma a jikinsa ba. Shin abinci ne na gaza a kai, ko ciwo ne?

Tsohon Hannu:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, ina kyautata zaton ba ka yi kuskuren komai ba. Kajin da zakarunsu ba sa zubar da gashin wutsiya su ne Onagadori, waɗanda asalinsu yankin Kochi ne a tsibirin Shikoku na ƙasar Japan, kuma wannan hali gado ne da ke cikin jininsu, ba abinci ke kawo shi ba. Wutsiyarsu kan ƙaru da kusan mita ɗaya a shekara, har an samu waɗanda suka haura mita 10, kuma tun 1952 gwamnatin Japan ta sanya su cikin halittun da take ba wa kariya ta musamman, shi ya sa tsantsarsu ke da wuyar samu a waje. Abin da ya fi yawa a hannun masu kiwo shi ne Phoenix, irin da aka samar a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19 ta hanyar haɗa kajin Japan da wasu, kuma shi yana sauya gashi duk shekara ko bayan shekara biyu. Naka ya yi kama da wannan, sabon gashi zai fito.

Uwar Kaji:
Na yarda da bayanin Malam, sai dai ina so in ja hankalinka ga watannin da ke tafe, domin a nan ne mutane suka fi yin asara. Gashin da ke tsirowa yana da jini a tushensa, za ka gan shi da duhu da taushi, kuma idan ya karye jini yakan zuba sosai, sauran kaji kuma da zarar sun ga ja sai su bi shi da sara. Saboda haka ka ware shi shi kaɗai, ka ƙara masa abinci mai gina jiki tunda gashi kusan duk furotin ne, ka kuma ɗaga sandar da yake kwana a kai yadda wutsiyar za ta sauka ba ta taɓa ƙasa ko bango ba. Ni na taɓa rasa wutsiyar zakara guda saboda mazubin ruwa da ke yoyo: dusar katakon ta jiƙe, kashi ya manne a bakin gashin ya dunƙule, da ya taka sai ya tsinke. Tun daga ranar nake taɓa shimfiɗar da hannu kowace yamma.

Sabon Makiyayi:
Na gode, Hajiya. Na ji ana cewa ana tsare su cikin akwati, shin ya kamata in yi masa?

Tsohon Hannu:
Wannan akwatin a Japan ana kiransa tomebako, dogo ne siriri, zakara na zaune a sama wutsiya na rataye, kuma mai shi yakan fito da shi ya zaga yana riƙe da wutsiyar a hannu. An yi shi ne domin wutsiyar da za ta daɗe shekaru a jiki. Naka da zai zubar da ita baɗi, ban ga dalilin hana shi tono da wankan ƙasa ba. Ka ba shi fili busasshe mai rufi, ka cire duk waya ko ƙusa da gashi zai iya maƙalewa.