Wace kalma za mu ba "amendement" a binciken dabbobi?

Mai tambaya, daga Ngaundare:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata kalma ce ta hana ni sakat, na ce bari in kawo ta gaban manya. Aikina ɗibar jinin shanu ne, kuma ni nake yi wa masu bincike tafinta idan sun fita ruga. A aikin da nake yi, kafin a taɓa dabba mai rai sai an rubuta takarda an kai wa kwamiti: dabba nawa, wace iri, me za a yi mata, sau nawa, wace wahala za ta sha, da me za a rage mata zafi, kuma a wane hali za a dakata. Da Faransanci sunan takardar protocole. Idan kwamiti ya sa hannu, aiki ya yi nisa, mai bincike ya ga yana son canza wani abu, sai ya rubuta amendement. Mu amandiman muke cewa a wurin aiki, in za mu fassara kuma mu ce gyara.

Gyaran nan ya taɓa jawo mana asara. Muna wani aiki a kan sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. An yarda mana mu ɗebi jini a jijiyar wuya sau 1 a wata, daga manyan Gudali kawai. Daga baya shugaban aikin ya so a haɗa da maruƙa, ya rubuta wa kwamiti. Na gaya wa yaron da muke aiki tare cewa akwai gyara yana tafe. Shi kuwa gyaran kasuwa ya ji, ɗan ƙarin da mai gero ke zuba maka a kan mudu. Washegari ya kama maruƙa 6 ya ɗebi jininsu. Har yanzu ina ganin wata maraƙa ja da aka danne da igiya, idonta ya firfito, uwar tana kuka a bayan shinge. Jinin duka zubar da shi aka yi, don an ɗiba kafin izini ya fito. Mai shanun kuma da ya ji kalmar, tambayar da ya yi mini ita ce: "Me ya ɓaci da za a gyara?" Laifin na kalmata ne. Ku taimake ni da wadda ta fi ta.

Malamin makaranta, daga Marwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Gidajen rediyo sun riga sun yi mana wannan aikin. Idan majalisa ta taɓa kundin tsarin mulki, cewa suke an yi masa kwaskwarima ko gyaran fuska. Kunne ya saba da su, me zai hana mu ɗauka?

Tsohon likitan dabbobi, daga Garwa:

Malam, ku yi mini haƙuri, kwaskwarima ba za ta ɗauki wannan kaya ba. Kwaskwarima ita ce shafa wa bango farar ƙasa kafin salla, ginin yana nan yadda yake. Abin da mai tambayar nan yake magana a kai yakan taɓa ginin kansa. Bari in ba ku misali da Amurka, inda dokar 1985 ta tilasta kafa irin wannan kwamiti a wuraren bincike. A can, idan za ka canza irin dabbar, ko manufar binciken, ko shugaban aikin, ko ka ƙara wa dabba zafi, ko tiyatar da aka ce dabba ba za ta farka daga ita ba ka mayar da ita wadda za ta farka ta ci gaba da rayuwa da ciwon, duk sai kwamiti ya duba kafin ka taɓa komai. Wasu canje-canjen, kamar sauya maganin kashe zafi da wani, likitan dabbobin da kwamiti ya ba iko yana iya tabbatarwa. Gyara kuskuren rubutu ko lambar waya kuwa a ofis ake gamawa. A Tarayyar Turai ma, dokar 2010 ta ce duk canjin da zai iya cutar da lafiyar dabbar sai an nemi sabon izini ko an canza tsohon.

Kun ga ke nan kuskuren rubutu ne kaɗai ya cancanci a kira shi kwaskwarima. In muka ba sauran wannan suna, mun koya wa yaranmu raina su.

Mu nan Garwa allurar riga-kafi ba baƙuwarmu ba ce, LANAVET, cibiyar gwajin lafiyar dabbobi ta ƙasar Kamaru, tana Bokle kusa da mu tun kafuwarta a 1983. Na ga zamanin bushiya, annobar shanun nan, da idona, na ga garke ya kwanta cikin kwana kaɗan, na kuma ga shekarar 2011 da aka ce cutar ta ƙare a duniya. Ba a kai nan ba sai da aka gwada allura a jikin dabbobi masu rai. Saboda haka ba na cikin masu cewa a daina. Amma dabbar da ta ɗauki wahala don 'yan uwanta su tsira tana da bashi a kanmu.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, daga Njamena:

Baba Likita ya gama da kwaskwarima. Ni a ganina mun fara daga wutsiya. Ba za mu san sunan canjin ba sai mun san sunan abin da ake canzawa. Kalmar furotokol a nan Chadi, in ka faɗe ta a titi, mutum zai zaci masu shirya kujerun manya a wurin taro kake nufi. Na taɓa cewa tsari, amma tsari naka ne, ka ga dama ka rushe shi da safe ka sake da yamma. Yarjejeniya kuma tana son ɓangare biyu da suka yi ciniki, ita kuwa akuya ba ta sa hannu ba.

Sannan akwai abu uku da muke cakuɗawa. Na farko canjin da ka nema kafin ka yi. Na biyu sabunta izini idan wa'adinsa ya cika, shekara 3 a tsarin Amurka, a Turai kuma ba ya wuce 5. Na uku abin da ya faru da maruƙan Ngaundare, wato an yi abin da ba ya cikin takarda. Idan kalma ɗaya ta rufe ukun, gobe wani zai yi na uku ya kira shi na farko.

Malamin allo, daga Kusuri:

'Yata, kin buɗe ƙofar. Ni ban san aikinku ba, amma na san abin da kuka kwatanta. Mutum ya je gaban dattawa ya ce zan yi kaza, ba zan wuce kaza ba, suka ce mun yarda. Wannan alkawari ne, kuma alkawari kaya ne. Wanda ya ɗauka ba ya sauke wani sashe a hanya ba tare da ya koma wurin waɗanda suka aza masa ba. Kwamitin shi ne waliyyin dabbar, tunda ita ba ta da baki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kyautata ko a wurin yanka, a wasa wuƙa a hutar da dabba. Ya kuma ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Ku sa haƙƙi a sunan kwamitin. Kwamitin ɗa'a da na ji wasu na faɗa, Bahaushe zai ɗauka masu ladabtar da ma'aikata ne.

Tsohon likitan dabbobi, daga Garwa:

Allah ya gafarta Malam, maganarku ta haɗu da ta wasu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, da suka kafa ƙa'idoji 3 a 1959: in akwai abin da zai maye gurbin dabba a yi amfani da shi, in babu a rage yawansu, waɗanda aka taɓa kuma a sauƙaƙa musu. Da waɗannan kwamiti ke auna buƙatar canji. Amma kar a ɗauka kowane canji ƙarin wahala ne. Sau da yawa mai bincike yakan nemi a rage yawan allura, ko a dakata da wuri idan dabba ta daina cin abinci. Kalmarmu ta iya ɗaukar ƙari da ragi duka. Shi ya sa ba na son "ƙari", da na ga wani ya kawo mini a gefe.

Malamin makaranta, daga Marwa:

Na janye kwaskwarima, Baba. To sauyin alkawari fa?

Mai tambaya, daga Ngaundare:

Yaya, na kwana ina juya sauyin alkawari, sai na ji yana kama da mutumin da ya canza magana. In na ce wa Bafulatani mun yi sauyin alkawari, zai kwance shanunsa ya tafi, kuma yana da gaskiya. Abin da ya ɓace mini ranar maruƙan nan shi ne kalmar da za ta ce wa yaron "dakata tukuna". Gyara ba ta faɗi haka ba, sauyi shi kaɗai ma bai faɗa ba. Izini ne yake faɗa, domin kowa ya san ba a shiga gida sai an amsa sallama.

Ga abin da na tattara daga bakinku. Protocole ya zama alkawarin bincike. Kwamitin ya zama kwamitin kare haƙƙin dabbobin bincike, ya yi tsawo amma a baki kwamitin haƙƙi ya isa. Amendement, lokacin da aka aika, neman izinin sauyi ne, in ya dawo da sa hannu ya zama izinin sauyi. Na wa'adi sabunta izini. Na ukun da Yaya ta Njamena ta ware, saɓa alkawari, ko da kuskure ne, kuma a rubuta shi da wannan suna a kai wa kwamiti.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, daga Njamena:

Na yarda da duka sai na ƙarshe. Saɓa alkawari yana da nauyi ƙwarai, ina tsoron yaro zai ɓoye kuskurensa don kar a kira shi haka, alhali so muke ya faɗa da wuri. Kauce wa alkawari ya fi mini, a bar saɓawa ga wanda ya yi da gangan.

Mai tambaya, daga Ngaundare:

Gaskiyarki, Yaya. Yaron nan kaucewa ya yi, da kansa ya zo ya gaya mini da yamma yana murna ya rage mana aiki. Na karɓi kaucewa. Ran Asabar za mu koma ruga, kuma ga abin da zan ce wa mai shanun: "Baffa, mun nemi izinin sauyi don mu duba maruƙa, amma bai fito ba tukuna, saboda haka yau manya kaɗai za mu taɓa."