Makarantar ce ba ta koyarwa, ko yaran da ake kai mata ne?

Uwar Biyu:

Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Yarona yana SS1 a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo nan cikin birnin Kano, ba zan kama sunanta ba. Satin da ya wuce na karɓi littafinsa na lissafi na duba, wlh tun farkon zango shafi huɗu kacal aka rubuta, na tambaye shi ya ce su a ajinsu sun haura ɗari kuma in bai yi sammako ba a bakin taga yake tsayawa ko jin malam ba ya yi. Kuma yaran unguwarmu da suka gama can bara da yawansu Turanci ko lissafi ya riƙe su. Baban ya ce laifin yaran ne, wai 'ya'yan talakawa ne aka tara ba mai bin kadinsu a gida, ni kuma ina ganin makarantar ce. In cire shi in kai shi ta kuɗi ko da zan sayar da 'yan awakina ne? Abin yana hana ni barci.

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe ina koyarwa a irin wannan makaranta, kuma gaskiya ke da maigida kowa ya riƙe wani ɓangare na maganar. Bari in faɗa miki su waye ke zaune a gabana kullum. Akwai wanda ana tashi zai wuce gareji koyon kanikanci, washegari ya zo da baƙin mai a farcensa yana gyangyaɗi tun firiyod na biyu. Akwai yaran shago a kasuwannin Kwari da Singa da Farm Centre, ranar da kaya suka sauka ba za ki gan su ba. Akwai 'ya'yan waɗanda rikici ya koro daga Borno, da na baya-bayan nan daga Zamfara da Katsina, wani ya yi shekara biyu bai shiga aji ba aka zo aka ɗora shi a inda shekarunsa suka kai. Akwai kuma waɗanda iyayensu suka ciro daga makarantar kuɗi bayan an cire tallafin mai a 2023, su ne ma suka ƙara cika mana azuzuwa.

To duk waɗannan a ɗaki ɗaya, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne karatu kansa. Yaro zai zo SS1 bai iya karanta sakin layi ɗaya na Turanci ya gane ba, alhali jarabawar gaba ɗaya da Turanci ake yin ta in ban da Hausa da Larabci. Na sha yi wa yaro bayanin tambayar kimiyya da Hausa ya ba ni amsa daidai nan take, amma a takarda ya bar gurin fayau saboda bai gane me ake tambayarsa ba. Wannan ciwon daga firamare ya taso, mu dai a hannunmu yake fashewa.

Amma ban wanke mu ba. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga ɗalibi 40 a sakandare. In na ba yara ɗari-ɗari aikin gida a azuzuwa huɗu, yaushe zan yi makin? Sai ka daina bayarwa. Akwai kuma abokan aikinmu da sai su sa hannu su fice neman na cefane, wannan ba ƙarya ba ne, shafi huɗun nan da kika gani yana iya zama hakan.

Ɗan Dawaki:

Malam ya gama magana. Ni a Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa na yi, ita da ta Dawakin Kudu tun 1977 aka kafa su, kuma mutane kullum misali suke kawowa da su wai ai su ma na gwamnati ne ga shi suna fitar da likitoci da injiniyoyi. Eh haka ne, amma sai ka ci jarabawar hukumar makarantun kimiyya bayan JSS3 kafin a ɗauke ka, an riga an tace. Ga kwana, ga firef, wato zaman bitar karatu, da daddare dole, ba aike ba shago. Yawancinmu 'ya'yan talakawa ne, wasu daga ƙauye ko takalmin kirki ba su da shi, don haka maganar Baban yaro cewa talauci ne kawai ban yarda da ita ba. Ta cikin gari kuwa duk wanda ya zo ba ta korarsa, to ta yaya za a auna su da mudu ɗaya.

Uwar Biyu:

Allah ya saka da alheri. Amma ni abin da ya ɗaure min kai, ba an ce Kano ce ta zo ta ɗaya a NECO ta 2025 ba? Har a rediyo na ji. To ina yaran unguwarmu suka shiga?

Malamin Kimiyya:

Hajiya ta ɗaya a yawa ne. Ɗalibai 68,159 daga Kano suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, Legas na biye da 67,007. Amma Kano tana cikin masu tura ɗalibai mafi yawa, in aka auna da duk waɗanda suka zauna daga jihar wajen rabi ne suka haye, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 60 da ɗoriya ne cikin ɗari. Ɗaya rabin su ne yaran unguwarku. Kuma lissafin ya haɗa har da makarantun kuɗi da na kimiyya, ba a ware irin tamu ba. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, an gyara azuzuwa a gurare, an ɗauki malamai, ban raina ba, sai dai yaron da ya wuce firamare bai iya karatu ba sabon fenti ba zai koya masa ba, sai wani ya zauna da shi.

Anti Malama:

'Yar uwa kar ki sayar da awakin nan tukuna dan Allah. Na koyar a ta kuɗi shekara uku, irin ƙananan nan na cikin lungu, gida ne aka yanka ɗakuna, malaman wasu sakandare kawai suka gama, kuma sakamakon da suke liƙawa a bango wasu ranar jarabawa ake rubuta wa yara amsa a allo, yaro ya fito da kiredit tara ya je JAMB gaban kwamfuta ya kasa kai 150. Masu kyau suna nan amma kuɗinsu ba na awaki biyu ba ne.

Ni ga abin da na yi wa 'yata da take ta gwamnati. Na je da kaina na ga malamin ajinsu na karɓi lambarsa, daga ranar ya san akwai mai tambaya. Na haɗa kai da maƙwabta uku muka samu wani ɗalibin BUK yana yi musu lesin ɗin Turanci da lissafi Asabar da Lahadi a soron gidanmu, karo-karo muke biyansa. Na kuma hana tallan safe. Ki fara gwada yaronki yau, ki ba shi littafinsa na Turanci ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi sannan ya faɗa miki da Hausa me ya karanta, ko ba kya jin Turanci za ki gane in yana kame-kame. In ya iya, matsalarsa kujera ce da malami, sai a dage da sammako da lesin. In bai iya ba daga nan za a fara, kuma a fara yanzu kafin jarabawar kwalifayin ta SS2, don sai ya ci shi gwamnati za ta biya masa kuɗin NECO.

Uwar Biyu:

Na gwada shi bayan magariba Anti. Ya karanta da ɗan sauri amma da na ce ya fassara min sai ya yi shiru, rabin shafin kawai ya iya faɗa, har idonsa ya ciko. Gobe in sha Allahu zan je makarantar da kaina. Malam dan Allah in na je wa ya kamata in fara nema, firinsifal ko malamin ajin?